Magaji Ɗan Yamusa: Labarin da ke Bayan Dutsen Keffi

Wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Keffi ba zai rasa jin sunan Dutsen Maloney ba. Sunan Bature ne, Kyaftin Moloney, Razdan na lardin Nasarawa, wanda aka binne a kan dutsen. Amma idan dattawan garin suka nuna wa yaro wurin, labarin da suke ba shi na wanda ya yi ajalin Baturen ne, wato Magaji Ɗan Yamusa.

Keffi gari ne da Abdu Zanga, wani Bafulatani makiyayi daga ƙasar Katsina, ya kafa a farkon ƙarni na 19. Ana cewa sunan ya samo asali daga kafi, shingen itatuwan da aka kewaye mazaunin farko da shi. Garin ya kasance ƙarƙashin Zazzau, kuma Magaji shi ne idon Sarkin Zazzau a can. A hannun Ɗan Yamusa wannan sarauta ta yi ƙarfin da har ta kusa shafe ta Sarkin Keffi. Jarumi ne mai dawakai da mayaƙa, kuma yana kai hare-hare kan al'ummomin da ke kewaye yana kama bayi. Wannan ɓangare na rayuwarsa ba kasafai masu yabonsa ke tsayawa a kai ba, amma jikokin waɗanda aka kai wa harin ba su manta ba.

Bayan Lugga ya kafa mulkin Ingila a Arewa a 1900, sai aka turo Moloney da umarnin hana kamun bayi da kuma karya ikon Magaji. A ranar 3 ga Oktoba, 1902, Razdan ya zo ƙofar fada ya aika a kira shi. Magaji ya ƙi fitowa. Da mataimakin Razdan, Webster, ya shiga nemansa, mutanen gidan suka yi masa rubdugu. Kafin sojoji su iso, Magaji ya fito bisa doki ya harbe Moloney, wanda tsohon rauni a ƙafa ya hana shi motsi.

A nan ne labarin baka ya ɗora abin da ya fi jan hankali. Mutanen Keffi suna ɗora alhakin fitinar a kan tafinta, Audu Timtim, wanda suka ce yakan juya maganar kowane ɓangare kafin ya isar da ita, har kowa ya ɗauka ɗayan na nufinsa da sharri. Shi ma a hargitsin ranar ya rasa ransa.

Magaji ya tsere zuwa Kano, inda Sarki Alu Babba ya karɓe shi da karramawa. Wannan tarba tana cikin hujjojin da Lugga ya kafa wajen tura runduna, kuma Kano ta faɗi a ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Sakkwato ta bi baya a watan Maris. Ɗan Yamusa ya shiga ayarin Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a hijirarsa zuwa gabas, ya kuma faɗi tare da shi a yaƙin Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903.

Rahoton Turawa ya rubuta shi a matsayin mai kisan kai. Bakin Keffi ya riƙe shi a matsayin namijin da ya ƙi durƙusa wa baƙo. Ƙauyukan da ya yi wa ɓarna suna da nasu labarin. Dutse ɗaya ne dai kowa yake nunawa idan zai fara bayar da nasa.

Ga wanda aikinsa shi ne kai saƙo tsakanin manya kuwa, ba Magaji ne abin dubawa ba, Audu Timtim ne. Shekara fiye da 120 ke nan, kuma har yau sunansa ake fara ambata idan aka tambayi mafarin abin da ya faru a ƙofar fadar Keffi.