Sibawaihi: Kuskuren da ya haifar da babban littafin nahawu

Ina yaro a makarantar zangonmu na taɓa yin tuntuɓen harshe a karatun Larabci, yara suka kwashe da dariya. Daga ranar na kulle bakina, na yi shekaru ina jin tsoron ɗaga murya a gaban malam. Abin da ya kwance min baki shi ne labarin wani mutum da ya rasu fiye da shekara 1,200 da suka wuce.

Sunansa Amru bin Usman, amma duniya ta san shi da Sibawaihi. Shi ba Balarabe ba ne, mutumin Farisa ne, daga garin Baida kusa da Shiraz, cikin ƙasar Iran ta yau. Yana matashi ya je Basra neman ilimin hadisi wajen Malam Hammadu bin Salama. Masu tarihi sun ruwaito cewa wata rana yana karanta wani hadisi, sai ya kawo sunan sahabi Abu Darda'i da harafin wawu, alhali a wannan gurbin nahawu alif yake so. Malam ya gyara masa a gaban ɗalibai.

Ka ga, da ni ne, gida zan koma in ɓuya. Shi kuwa kunyar nan ita ta kai shi gaban Khalilu bin Ahmad, babban masanin harshe na Basra. Ya lizimce shi, ya yi ta tambaya, yana rubutawa. Daga nan ya wallafa Al-Kitab, littafi mafi daɗewa da ya iso gare mu wanda ya tattara nahawun Larabci gaba ɗaya. Har yau malamai komawa suke gare shi.

Ko bayan ya shahara bai tsira daga jin kunya ba. A Bagadaza an yi muƙabala tsakaninsa da Kisa'i, jagoran malaman Kufa, aka ba Kisa'i gaskiya. Ya koma Farisa cikin ɓacin rai, ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, bai kai ga tsufa ba.

To, mu da muke zaune cikin masu wasu harsuna, kullum sai an gyara mana magana, a kasuwa, a ofis, a makaranta. Ni dai yanzu in an gyara min, godiya nake yi, in maimaita kalmar da ƙarfi. Allah ya jiƙan Sibawaihi.