Barthelemy Thimonnier: Telan Da Ya Ƙago Keken Ɗinki Ya Mutu Cikin Talauci

Da wuya a sami wani a cikinmu da bai taɓa zama a shagon tela yana jiran ɗinkin Sallah ko kayan makaranta ba. Da za a tambaye mu wanda ya ƙago keken da telan yake takawa, yawancinmu Singer za mu ce, domin sunan da muka saba gani ke nan a jikinsa. Amma shekara 21 kafin Singer ya fito da nasa, wani tela a ƙasar Faransa ya riga ya sa na'ura ta yi ɗinki.

An haifi Barthelemy Thimonnier ran 19 ga Agusta, 1793, a garin L'Arbresle, kusa da birnin Lyon. Shi ne babba cikin 'ya'ya bakwai, kuma a garin Amplepuis ya tashi. Ya koyi ɗinki tun yana saurayi, ya auri wata mai sana'ar yi wa tufafi ado da zare, sa'an nan a 1823 ya koma wajen birnin Saint-Etienne da zama. A wancan zamani kowace riga da hannu ake ɗinka ta, gwanin tela kuwa bai wuce ya soka allura kamar sau 30 a minti guda ba. Thimonnier ya lura da yadda masu ado ke amfani da allura mai ƙugiya, irin ta kwarashi, suna jawo zare da sauri. Daga nan tunani ya zo masa na ya ƙera abin da zai riƙa yin wannan aiki da kansa.

Ya shafe shekaru yana gwaji, ga shi kuwa bai taɓa koyon aikin injiniya ba. A 1829 ya kammala kekensa na farko, wanda akasarinsa katako ne. Allurar takan huda yadi ta sauka, ƙugiyar ta kamo zare daga ƙasa ta fito da shi, kowane madauki ya shige cikin wanda ya gabace shi kamar sarƙa. Irin ɗinkin da muke gani ke nan a bakin buhun sukari ko na taki. Keken yana iya suka kimanin 200 a minti guda. Da taimakon wani injiniya mai suna Auguste Ferrand, hukuma ta ba shi takardar shaidar mallakar ƙirƙira ran 17 ga Yuli, 1830.

Ba a jima ba aka buɗe ma'aikata a Paris mai kekuna wajen 80, ana ɗinka wa sojojin Faransa kayan sarki. Nan fa hankalin telolin birnin ya tashi, don gani suke yi abincinsu ne za a raba su da shi. A farkon 1831 suka yi gangami suka afka wa ma'aikatar, suka farfasa kekunan. Wato 'yan'uwansa na sana'a, waɗanda ya so ya rage wa wahala, su ne suka rusa shi. Haka ya tattara ya koma Amplepuis, ya ci gaba da ɗinki don ciyar da iyalinsa.

Duk da haka bai karaya ba. Ya yi ta gyara keken, ya sake karɓar takardun shaida a 1841 da 1845 da 1847, har ya sami abokin tarayya mai suna Magnin. Sai juyin juya halin 1848 ya zo ya dagula kasuwanci a Faransa. A 1855 an ba keken nasa lambar yabo a babban baje kolin Paris, amma yabo bai kawo masu saye ba.

A lokacin kuwa Amurka ta riga ta sha gabansa. Elias Howe ya fito da keke mai zare biyu a 1846, ɗaya a allura ɗaya a ƙoshiya, suna kulle juna a cikin yadi. Wannan ya fi ɗinkin sarƙa ƙarko, domin shi na sarƙa da an ja bakin zaren sai ya warware. Isaac Singer ya biyo baya a 1851, kamfaninsa kuma ya ɓullo da sayar da keke bashi ana biya kaɗan-kaɗan, har talaka ya iya mallaka. Howe da Singer duk sun kuɗance ƙwarai. Thimonnier kuwa ya rasu ran 5 ga Yuli, 1857, a Amplepuis, yana da shekara 63, hannunsa babu komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin lura a nan shi ne, abin da telolin Paris suka ji tsoro bai hana keken yaɗuwa ba, kuma sana'ar ɗinki ba ta mutu ba, sai ma tufafi suka yi araha, masu ɗinki suka ƙaru. Daga baya garin Amplepuis ya buɗe gidan tarihi da sunan Thimonnier, inda aka tara tsofaffin kekunan ɗinki. In mun sake zama a shagon tela muna jin ƙarar keke, ya kamata mu tuna da wannan bawan Allah da ya share fage, wasu suka ci moriya.