Josephine Bakhita: Baiwar da ta manta sunanta, ta sami gida a coci

A ranar 29 ga Nuwamba, 1889, hukumomin shari'a a birnin Venis na Italiya suka raba gardama kan wata budurwa baƙar fata. Uwargijiyarta tana so ta koma da ita Sudan, budurwar kuwa ta ce ba inda za ta. Hukuncin da aka yanke shi ne dokar Italiya ba ta san da bauta ba, don haka babu mai iko da ita. Sunanta Bakhita, 'yar Darfur, kuma ta riga ta shafe kimanin shekara 12 tana wucewa daga hannu zuwa hannu.

An haife ta wajejen 1869 a ƙauyen Olgossa, cikin ƙabilar Daju. Gidansu yana da rufin asiri, baffanta ma shi ne mai gari. Ba ta cika shekara 10 ba masu farautar bayi suka sace ta, kamar yadda suka sace yayarta tun da farko. Firgicin da ta shiga ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, har ta bar duniya ba ta tuno shi ba. Waɗanda suka kama ta ne suka laƙaba mata Bakhita, kalmar Larabci mai nufin mai sa'a.

Da ƙafa, ba takalmi, aka kora ta ɗaruruwan kilomita zuwa El Obeid a lardin Kordofan. A gidan wani attajiri da ya saye ta, ɗan gidan ya yi mata dukan da ya kwantar da ita fiye da wata guda. Daga nan ta faɗa gidan wani janar na sojan Turkiyya, inda matarsa da wata tsohuwar gidan suka mayar da bulala abin yau da kullum. A wannan gida aka kira wata mata da ta zo da gari da gishiri da aska. Ta zana layuka da garin, ta bi su da askar, sannan aka cusa gishiri a cikin raunukan domin tabon ya fito sosai. Tsaga 114 aka yi mata a ƙirji da ciki da hannun dama.

Yaƙin Mahadi ne ya sauya mata hanya. Da rundunarsa ta matso El Obeid, janar ɗin ya tattara ya bar garin, a 1883 kuma aka sayar da Bakhita a Khartum ga ƙaramin jakadan Italiya, Callisto Legnani. A gidansa ba duka, ba zagi. Sa'ad da zama a Khartum ya gagara, ta roƙe shi ya tafi da ita. Suka hau raƙuma zuwa Suakin a gaɓar Bahar Maliya, suka sauka a Genoa a 1885. Duk da kirkinsa, Legnani ya ba da ita kyauta ga matar abokinsa Augusto Michieli, kamar yadda ake ba da kaya. Ta zama mai renon 'yarsu Mimmina a Zianigo.

A ƙarshen 1888 uwargidan Michieli ta tafi Suakin, inda mijinta ya mallaki otal, ta bar Bakhita da yarinyar a hannun matan zuhudu na ƙungiyar Canossa a Venis. Wanda ya ba da shawarar shi ne wakilin kasuwancin gidan, Illuminato Checchini, mutumin da ya ba ta ƙaramin gicciye kyauta. A wurin matan nan ta fara koyon addinin Kirista. Ta sha ba da labari cewa tun tana ƙarama take kallon rana da wata da taurari, tana tambayar kanta wane ne mai su. Abin da ya fi kama zuciyarta shi ne jin cewa Yesu Almasihu, wanda ake koya mata, shi ma an yi masa bulala. A yaren mutanen Venis akwai kalmar da ake kiran ubangida da ita, wato Paron. Ita ta ɗauka tana kiran Allah da ita, domin ta san iyayengiji da yawa, amma wannan ne na farko da aka ce mata ya san ta kuma yana ƙaunarta.

Shi ya sa da uwargijiyar ta dawo ɗaukarta, ta ƙi, duk da kwanakin da aka yi ana lallashi da matsin lamba. Bayan hukuncin, abu na farko da ta yi da 'yancinta shi ne zaɓen inda za ta zauna, kuma ta zaɓi gidan matan Canossa. Aka yi mata baftisma a ranar 9 ga Janairu, 1890, da sunan Josephine Margaret Fortunata. Ta shiga horon zuhudu a Disamban 1893, ta ɗauki alkawari a ranar 8 ga Disamba, 1896.

A 1902 aka tura ta garin Schio a lardin Vicenza. Ba ta riƙe wani babban muƙami ba: girki ta yi, da kula da kayan sujada, da tsaron ƙofa. Mutanen garin suka saba da ita har suna kiran ta Madre Moretta, wato baƙar uwa. Littafin tarihinta da Ida Zanolini ta wallafa a 1931 ya yaɗa sunanta a Italiya, kuma tsakanin 1935 da 1939 ta zauna a Vimercate tana zagayawa tana magana da matan da ake shirya wa aikin mishan a Afirka. Da aka tambaye ta game da waɗanda suka sace ta, ta nuna cewa ta yafe musu, har ma za ta durƙusa ta sumbaci hannayensu, domin ta wannan hanya mai ɗaci ta kai ga bangaskiyarta.

Yafiyar ba ta share abin da aka yi wa jikinta ba. Shekarunta na ƙarshe ciwo ya ɗaure ta a keken marasa lafiya. A gargarar mutuwa hankalinta ya koma zamanin bauta, tana roƙon mai jinyarta ta sassauta mata sarƙa saboda nauyinta. Ta rasu a Schio ranar 8 ga Fabrairu, 1947, aka yi kwana 3 jama'a suna tururuwar ganin gawarta.

Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana ta cikin waliyyan Cocin Katolika a ranar 1 ga Oktoba, 2000, Paparoma Benedict na 16 kuma ya kawo tarihinta a wasiƙarsa ta 2007 kan bege. Tun 2015 cocin yake ware ranar rasuwarta domin addu'a da faɗakarwa kan safarar mutane. Ranar ta shafi Nijeriya kai tsaye, domin a shekarun baya-bayan nan an yi ta ratsawa da 'yan mata ta Agadas da Libiya zuwa Italiya, ɗauke da bashin da aka ɗora musu, zuwa ƙasar da tun 1889 ta shaida wa Bakhita cewa ba a mallakar mutum.