Tarihin Magabata: Alhassan Ɗantata, Marayan Bebeji Da Ya Nemi Abinci A Ƙasar Gwanja

 

Iyayenmu dattawa, 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, da iyayenmu mata da ake kai wa wannan takarda har cikin gida, barkanmu da Juma'a.

A 'yan makonnin nan da wuya a idar da sallar Isha wani dattijo bai ja ɗayanmu gefe ba, yana cewa ɗansa ya matsa sai ya fita waje neman aiki. Wani Libiya yake hari ta hanyar Agadas, wani Saudiyya, wani kuma Gana. Ba mu ga laifin yaran ba, don kowa ya san yadda kasuwa take yanzu. Mu kanmu ai gida muka baro, daga Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato da sauran garuruwa, muka zo Bwari muka zauna tare da 'yan'uwanmu Gbagyi. Shi ya sa muka ga wannan mako mu kawo tarihin wani bawan Allah da duk muka san sunansa, amma kaɗan ne a cikinmu suka san irin baƙuntar da ya yi kafin a san shi, wato marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata.

An haife shi a garin Bebeji ta ƙasar Kano wajen shekarar 1877. Zuriyarsu Agalawa ne, mutanen da aka sani da fataucin nesa, musamman na goro. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, mahaifiyarsa kuwa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai jarin kanta. Alhassan bai kai shekara goma ba mahaifinsa ya rasu. Da aka raba gado tsakanin 'ya'ya masu yawa, abin da ya zo hannunsa bai taka kara ya karya ba. Mahaifiyarsa ta tashi ta koma ƙasar da Turawa suka kira Gwalkwas, Gana ta yau, ta zauna a Ankara. Ta bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan mai suna Tata. Ita ta rene shi, da sunanta kuma duniya ta san shi. To kun ji asalin sunan Ɗantata. Mu lura fa, sunan da yau yake rubuce a jikin manyan kamfanoni sunan wata tsohuwa ce da ta riƙi ɗan da ba ita ta haifa ba. Iyayenmu mata masu riƙon marayu, Allah Ya saka muku da alheri.

A Bebeji ya yi karatun allo, ya ɗanɗani rayuwar almajirci, yana 'yan aikace-aikace don ya samu abin sa wa a baki. Ana ba da labarin cewa Tata ce ta koya masa ajiya a asusu, duk abin da ya samo sai ya ci kaɗan ya jefa saura.

Da ya zama saurayi sai ya bi ayarin fatake zuwa wajen mahaifiyarsa. Tafiyar Gwanja a wancan zamani, masu hawa mota daga Kaduna su iso Bwari cikin 'yan sa'o'i ba za su gane ta ba. Da ƙafa ake yin ta, da jakuna da 'yan dako, a shafe watanni a hanya. Madugu ke shugabantar ayari, jagaba na gaba yana nemo zango. A ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, kowane sarki aka bi ta ƙasarsa sai an biya shi, ga kuma 'yan fashi. Ana tafiya da kanwa, da tufafin rini, da jemammun fatu, a komo da goro. Shi kuma goro kaya ne mai son kulawa. Sai an riƙa kwance huhu a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda sankara ta kama, a sake naɗe shi da ganye, in ba haka ba mutum ya iso gida da asara.

Ga abin da muke so matasanmu su ji da kyau. Da Alhassan ya isa Ankara, mahaifiyarsa tana da hali, amma ba ta ɗauki jari ta danƙa masa ba. Wajen wani malami ta kai shi ya ci gaba da karatu, yana yi wa malam hidima, yana neman abin kansa da guminsa kamar kowane baƙon yaro. Yanzu da yawa cikin yaranmu sun ɗauka in dai kana da ɗan'uwa a waje, to ka gama. Ai ko uwa ce ta haife ka, iyakarta ta nuna maka ƙofa. Bayan wani lokaci ya komo Bebeji da iliminsa da sanin hanya.

Komowar tasa ta faɗo cikin Yaƙin Basasar Kano, wanda ya ɓarke a 1893 bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello, tsakanin Tukurawa da Yusufawa. An ci Bebeji da yaƙi, aka kwashe dukiya, aka kama mutane. Alhassan da wasu 'yan'uwansa suna cikin waɗanda aka kama, sai da aka fanshe su suka kuɓuta. Ɗan abin da ya tara ya tafi, ya koma farawa daga tushe. Mu mutanen Bwari mun san zafin wannan. Waɗanda shagunansu suka ƙone a rikicin watan Disamba na 2017 suna nan a cikin sahunmu yau, wasu sun farfaɗo, wasu har yanzu suna lallaɓawa. Allah Ya mayar musu da mafi alheri, Ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Alhassan ya sake komawa Gwalkwas, wannan karon a matsayin ɗan kasuwa mai cin gashin kansa. A nan basirarsa ta fito. A shekarar ce aka gama shimfiɗa layin dogo daga Sakandi a bakin teku zuwa Kumasi, tsakiyar ƙasar goro. Ya duba ya ga tsohuwar hanyar ƙafa ta kusa zama labari. Sai ya shiga sahun farko na 'yan Arewa da suka riƙa sayen goro a can, su ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a hauro da shi. Tafiyar da take cin watanni ta koma ta 'yan makonni, goro ya iso da ɗanyantakarsa. Ya haɗa da sayar da duwatsun wuya da yadudduka na Turawa.

Kada mu ɗauka shi kaɗai ya yi wannan da ƙarfinsa. Akwai tsari da Hausawan zango suka kafa a Salga da Kumasi da Ankara. Baƙo in ya zo, wajen mai masauki yake sauka. Shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. Ba takarda ake rubutawa ba, sunan mutum shi ne jinginarsa. Wanda ya ci amana a zango ɗaya, kafin ya isa na gaba labarinsa ya riga shi. Kuma kowane zango da izinin masu ƙasa aka kafa shi, akwai sarkin zango da liman da ke shiga tsakani in an samu saɓani. A cikin wannan tsari Alhassan ya yi suna da cika alkawari da tsantseni wajen kashe kuɗi.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ya tattaro ya dawo gida, ya zauna a cikin birni, a unguwar Sarari kusa da Koki. Lokacin ne kasuwar gyaɗa ta buɗe. Kamfanonin Turawa suna son gyaɗa amma ba su san manoma ba, ba su san ƙauyuka ba. Suna neman wanda za su ba kuɗi gaba ɗaya ba tare da fargaba ba. Wajen 1918 kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin UAC, ya ɗauke shi dillalinsa. Shi kuma ya raba kuɗin ga yaransa suka bazu cikin karkara, irin yadda ya ga ana yi a fataucin goro. Dalar gyaɗar nan ta Kano da muke gani a tsofaffin hotuna, dubban buhuna a jere suna jiran jirgi, ba a ba da labarinta ba tare da an ambaci sunansa ba. A farkon shekarun 1920 ya sauke farali. An ce kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin ya kai ajiya reshen bankin Bank of British West Africa a Kano.

Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. A lokacin ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Kafin ya cika ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya da su haɗa kai, kada su wargaza kasuwancin, su riƙe zumunci. 'Ya'yan nasa irin su Sanusi da Aminu suka ci gaba da riƙon gidan, kuma Aliko Ɗangote ta wajen mahaifiyarsa jikan Sanusi ne.

To, ga yaranmu masu shirin tafiya. Ba mu ce kowa zai zama Ɗantata ba, arziki na Allah ne. Kuma ba mu ce kada a fita ba, sahabbai ma sun yi hijira, kuma mun san Abdurrahman ɗan Aufu da ya isa Madina hanyar kasuwa ya nema a nuna masa. Amma Alhassan da ayari ya tafi, bayan madugun da aka sani, zuwa wajen mutanen da suka san gidansu. Wanda ya karɓi kuɗinka a ɓoye ya ce zai tsallakar da kai Sahara cikin dare, kada ka gaya wa iyayenka, wannan ba madugu ba ne. Sannan zamani ya canza, yanzu akwai fasfo da biza da izinin aiki. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, Hausawa da yawa da aka haifa a zango suka baro gidaje da shaguna. A 1983 mu ma Najeriya muka yi wa 'yan Gana haka. Wanda bai da takarda, ko ya shekara talatin a wuri, rana ɗaya ake tashinsa.

Mu kuma da muke zaune a nan, mu ne masu masaukin yau. Yaro in ya sauka daga mota da ƙullin kayansa ya nufo masallaci, kada mu bar shi ya kwana a tasha har ɓata-gari su riga mu. Mu tambayi garinsu da iyayensa, mai shago ya gwada shi da ɗan aike, in ya ga gaskiyarsa ya tsaya masa. Mu kuma ci gaba da girmama masu ƙasa da sarakunansu, kamar yadda magabatanmu suka yi a Kumasi da Ankara.

Duk iyayen da ɗansu ke shirin fita waje, muna roƙon su zo da shi wajen kwamitin masallaci bayan sallar La'asar. A cikinmu akwai dattawan da suka zauna a Gana da Sudan da Saudiyya, za su zauna da shi su faɗa masa abin da suka gani da idonsu.

Allah Ya jiƙan Alhaji Alhassan da Tata da ta rene shi, Ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya. Allah Ya tsare 'ya'yanmu da ke kan hanya, Ya sa albarka a kasuwarmu, Ya zaunar da Bwari lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.