Albert Schweitzer: Likitan da iyaka ta sauya wa ƙasa

An haifi Albert Schweitzer ranar 14 ga Janairu, 1875, a Kaysersberg da ke yankin Alsace, shekara huɗu bayan Jamus ta ƙwace yankin daga Faransa. Saboda haka yana Bajamushe ya kafa asibitinsa a 1913 a Lambaréné, cikin Gabon da Faransa ke mulka. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa aka ɗauke shi abokin gaba, har aka tsare shi a Faransa a 1917. Bayan yaƙin Alsace ta koma hannun Faransa, ya zama Bafaranshe. Ya samu Kyautar Nobel ta Zaman Lafiya ta 1952, ya rasu a Lambaréné a 1965. Mai neman mahaifarsa yau, taswirar Faransa zai duba.