Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar da Ta Auna Ɗalibanta

'Yan'uwa, a wannan Juma'a za mu tuna da Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, malamin Modibbo Bubayero da ya kafa masarautar Gombe da muke zaune muna neman halak ɗinmu a cikinta.

An haife ta a Ɗegel a 1793. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta yi karatu a gidan mahaifinta, ta auri Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ta kuma rayu tana taimakon ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Abin da ya bambanta ta shi ne ta gane ba kowa ke ɗaukar karatu ta hanya ɗaya ba. Malamai ta rubuta musu da Larabci. Fulani ta yi musu da Fulatanci, Hausawa da Hausa. Hatta sunayen surorin Alƙur'ani ta tsara su a waƙe cikin harsunan nan uku.

To matan ƙauye fa, da ba su taɓa riƙe allo ba? Ba ta ce su tafi sai sun iya baƙi ba. Ta zuba tauhidi da tsarki da sallah da tarihin Annabi (SAW) cikin waƙa, yadda mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi. Ta zaɓi dattawan mata, ana kiran kowacce jaji, ta ba su malfa da jan rawani. Su ke zuwa wurinta da 'yan mata, su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure a gidajensu. Su ne 'Yan Taru. Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare a Sakkwato, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Mu 'yan kasuwa mun san wannan. Wani yaron shago sau ɗaya za a faɗa masa farashi ya riƙe, wani sai ya rubuta, wani sai ya auna da hannunsa. Amma a gida, yaro ya kasa biya allo sai mu ce daƙiƙi ne, mu ɗauki bulala, wani ma mu cire shi daga makaranta. Kafin mu yanke masa hukunci, mu zauna da malaminsa, a gwada masa ta wata hanyar. 'Ya'yanmu mata ma kada a bar su a baya.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya ba zuriyarmu ilimi mai amfani. Amin.