Frank Bowden: Majinyacin da ya kafa kamfanin keken Rali

A Baturiya da sauran ƙauyukan fadamar Haɗeja, dattawa sun san keken Rali, wanda ya daɗe yana kai kifi da buhunan shinkafa kasuwa. Sai dai ba kowa ne ya san mutumin da ya kafa kamfanin ba.

An haifi Frank Bowden a Ingila a shekarar 1848. Yana matashi ya tafi Hong Kong, inda ya yi arziki a harkar hannun jari, amma ya dawo gida da rashin lafiya mai tsanani. Likita ya ba shi shawarar ya riƙa hawan keke, kuma da ya bi shawarar sai ya samu sauƙi.

Keken da ya saya ya fito ne daga wani ƙaramin shago a titin Raleigh da ke birnin Nottingham, inda maƙera ke haɗa kekuna kusan uku a mako da hannu. Ingancin aikin ya burge shi, ya zuba jari, aka kafa kamfanin Raleigh a 1888.

Sirrin ƙarkon keken yana cikin firam. Ana yanka bututun ƙarfe, a cusa bakinsa cikin soket, a narka tagulla ta bi gaɓar ta riƙe. Wajen 1900 kamfanin ya daina amfani da soket na ƙarfen zubi mai saurin tsagewa, ya koma tataccen ƙarfe zalla. Shi ya sa irin wannan firam kan lanƙwashe maimakon ya karye, kuma mai walda na ƙauye zai iya miƙe shi.

Zuwa 1913 Raleigh ya zama kamfanin keke mafi girma a duniya. Bowden ya rasu a 1921, kuma daga baya aka buɗe masana'antar haɗa Rali a Kano. Tambarin keken kan zalɓe ne, tsuntsun da masuntan Baturiya ke gani kullum a bakin ruwa.

An daina ƙera keken a Nottingham tun 2002. Yanzu a Turai masu tara tsofaffin kekuna na neman irinsa ruwa a jallo, a nan kuwa da yawa na ƙarewa a sikelin 'yan gwangwan. Duk wanda ya gaji tsohon Rali, ya fara kai shi wurin mai gyara kafin ya sayar da shi a kilo.